Kano ta 1966 a fuskar waya: abin da fim ɗin Half of a Yellow Sun ya faɗa, da abin da aka yanke masa

Duk shekara idan 15 ga Janairu ta zagayo, ko 30 ga Mayu, kafofin sada zumunta na Najeriya kan cika da tsofaffin hotuna da guntayen bidiyo na rikicin 1966 da Yaƙin Basasa. Daga cikin guntayen da ke yawo akwai wanda aka ciro daga wani fim: sojoji sun shiga filin jirgin saman Kano, suna ware mutane suna harbewa. Bidiyon bai cika minti ɗaya ba. An ɗora masa kiɗa mai sosa rai, an rubuta wasu kalmomi masu zafi a samansa, sannan aka sake shi.

Matashin da ke zaune a shagon cajin waya a Yelwa, ko a bakin ruwa a Wara yana jiran jirgin kasuwa, idan wannan bidiyo ya faɗo masa, yawanci ɗayan abu biyu yake yi. Ko ya ce ƙarya ce, sharri ne ake yi wa Arewa, ya wuce. Ko kuma ya shiga wurin sharhi ya tarar da wani daga Aba ko Onitsha ya rubuta cewa ga halin mutanen nan tun asali, shi ma ya mayar da martani da abin da ya fi wannan muni. Dukkansu biyun ba su kalli fim ɗin ba. Kuma ko da sun kalla, fim ɗin kansa bai ba su abin da zai raba gardamar ba. A nan matsalar take, kuma ta cancanci a tsaya a kanta.

Fim ɗin shi ne Half of a Yellow Sun. An fara nuna shi a bikin fina-finai na Toronto a Kanada a watan Satumba na 2013. An ciro shi daga littafin Chimamanda Ngozi Adichie mai wannan suna, wanda ya fito a 2006. Daraktansa, marigayi Biyi Bandele, Bayarabe ne amma haifaffen Kafanchan, a shekarar 1967, wato shekarar da yaƙin ya ɓarke. Ya rasu a Legas a 2022. Jaruman sun haɗa da Chiwetel Ejiofor da Thandiwe Newton da Anika Noni Rose da John Boyega, sai na gida irin su Genevieve Nnaji da Onyeka Onwenu da Zack Orji. An ɗauki yawancinsa a Kalaba, kuma tsawonsa bai kai awa biyu ba.

Labarin na tagwaye ne 'yan gidan masu kuɗi, Olanna da Kainene, da suka dawo daga karatu a Ingila. Olanna ta bi wani malamin jami'a mai zafin ra'ayi, Odenigbo, zuwa Nsukka. Kainene ta karɓi harkar kasuwancin mahaifinsu, ta faɗa soyayya da wani Bature marubuci, Richard. Akwai uwar miji mai ƙin surukarta, akwai cin amana, akwai ɗiyar da aka haifa ba ta hanyar aure ba, akwai gaba tsakanin 'yan'uwa. Duk wanda ya saba da fina-finan Indiya ko na Kannywood zai ji kamar a gida yake. Sai can tsakiyar fim ƙasa ta kama da wuta.

Kisan ya faru

Wajibi ne a fara da wannan, domin shi ne abin da ya fi wuyar haɗiya. Kisan da fim ɗin ya nuna ba ƙirƙira ba ce.

Ranar 15 ga Janairu 1966 wasu ƙananan hafsoshin soja, akasarinsu 'yan ƙabilar Ibo, suka yi yunƙurin juyin mulki. Aka kashe Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello a gidansa a Kaduna tare da matarsa Hafsatu. Aka kashe Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Firimiyan Yamma Samuel Akintola, da Ministan Kuɗi Festus Okotie-Eboh. Aka kashe manyan hafsoshin Arewa: Birgediya Zakariya Maimalari, Kanar Kur Mohammed, Laftanar Kanar Abogo Largema da Laftanar Kanar James Pam. Janar Aguiyi-Ironsi ya karɓi mulki, ba a gurfanar da waɗanda suka yi kisan gaban shari'a ba, sannan ranar 24 ga Mayu ya fitar da doka mai lamba 34 da ta rushe tsarin jihohi ta mayar da ƙasar dunƙulalliya. Kwanaki kaɗan bayan haka zanga-zangar “a raba” ta ɓarke a biranen Arewa, ta rikiɗe ta zama farautar 'yan Ibo. Ranar 29 ga Yuli sojojin Arewa suka yi juyin mulkin ramuwa, aka kashe Ironsi da mai masaukinsa Adekunle Fajuyi a Ibadan, tare da hafsoshi da sojojin Gabas masu yawa a barikoki daban-daban.

Mafi munin kisan ya zo ne a ƙarshen Satumba da farkon Oktoba. A Kano, ranar 1 ga Oktoba, sojojin bataliya ta biyar suka yi tawaye ga shugabanninsu, suka afka wa mutanen Gabas a filin jirgin sama da tashar jirgin ƙasa da Sabon Gari. An yi irin wannan a Jos da Kaduna da Zariya da Makurɗi da wasu garuruwa. Ƙididdigar masana tarihi ta bambanta, daga kimanin mutum 8,000 zuwa 30,000, kuma fiye da mutum miliyan ɗaya suka tsere zuwa Gabas. Waɗanda aka kashe ba su ne suka harbi Sardauna ba. Akawu ne, da tela, da ma'aikacin jirgin ƙasa, da mai sayar da kayan gyaran keke, da matansu da 'ya'yansu. An kuma kashe 'yan Arewa mazauna Gabas a hare-haren ramuwa, sauran aka kwaso su zuwa gida.

Saboda haka duk wanda ya ga wancan bidiyo ya ce ƙarya ce, yana ƙoƙarin rufe rana da tafin hannu ne. A wannan gaɓa Bandele ya yi abin yabo. A ƙasar da aka cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare wajen 2009, har sai a 'yan shekarun nan aka fara dawo da shi, ya ɗauki abin da iyaye ke rufewa da “Allah ya kiyaye gaba” ya sa shi a gaban kyamara. Yanayin filin jirgin ya yi aikinsa: ana cikin hira ta yau da kullum, ba zato ba tsammani mutuwa ta shigo. Haka waɗanda suka tsira suke ba da labarin irin waɗannan ranaku. Akwai kuma wurin da jirgin yaƙi ya jefa bam ana tsakiyar bikin auren Olanna da Odenigbo, wanda shi ne wurin da soyayyar da yaƙin suka haɗu da gaske, ba ɗaya yana yi wa ɗaya ado ba.

Inda fim ɗin ya gaza

Gazawar ta fara ne daga rabon lokaci. Kusan rabin farko na fim ɗin ya tafi a kan wa ya kwana da wa, wa ya yi fushi, wa ya yafe. Kisan dubban mutane kuma ya samu 'yan mintuna. Wannan ba lissafin banza ba ne, domin a fim, lokaci shi ne awon daraja. Abin da kyamara ta daɗe a kansa shi mai kallo ke ɗauka a matsayin babban al'amari. Idan aka ba rikicin uwar miji da suruka minti ashirin, aka ba ƙarewar unguwa guda minti uku, to an riga an gaya wa mai kallo wanne ne labarin, wanne ne bango.

Na biyu, idon da ake kallon kisan da shi. A filin jirgin, Richard ne shaida, Baturen da babu wanda ya zo nemansa. Mai kallo yana jin firgicin wanda ya gani, fiye da na wanda aka kashe. Sauran masifar kuma ana ganinta ne ta fuskar masu digiri daga Ingila, masu mota da ɗan aiki. Su ma sun wahala, babu shakka, amma yawancin mutanen da Biyafara ta cinye ƙauyawa ne, kuma yunwa ce ta kashe su bayan an toshe hanyoyin shigar da abinci. Daga 6 ga Yuli 1967 da aka fara harbi zuwa 15 ga Janairu 1970 da aka miƙa wuya, ƙiyasin fararen hular da suka mutu ya kama daga rabin miliyan zuwa miliyan biyu. Yaran nan masu kumburarren ciki da jan gashi, waɗanda hotunansu suka girgiza duniya, a fim ɗin kusan giftawa kawai suka yi. Jarumai suna gudun hijira daga gari zuwa gari, gida yana ƙara ƙanƙanta, amma fuskokinsu ba su rame yadda yaƙin ya ramar da mutane ba.

Na uku shi ne wanda ya fi shafar mai kallo ɗan Arewa. A fim ɗin, Arewa kusan ba ta da fuska. Taron mutane ne masu makami, da sojoji masu bindiga. Sunan ɗan Arewa da ya fi fitowa a jerin 'yan wasa shi ne Kyaftin Dutse, wanda Hakeem Kae-Kazim ya fito a matsayinsa, shi ma soja. Juyin mulkin Janairu, wanda ba a fahimtar komai na 1966 ba tare da shi ba, ya zo ne a matsayin labari da ake ji daga nesa. Ba a shiga gidan da aka yi makokin Sardauna ba, ba a ji tsoron da ya kama ma'aikatan Arewa lokacin da doka ta 34 ta fito ba. Nuna wannan ba zai wanke kowa ba, domin babu baƙin cikin da ke halatta kashe tela a shagonsa. Amma kisan da aka nuna babu mafari yana barin mai kallo da bayani ɗaya tak: haka mutanen suke. Kuma wannan bayani shi ne ainihin tunanin da ya sa aka kashe 'yan Ibo a 1966, lokacin da aka ɗora laifin hafsoshi 'yan ƙalilan a kan ƙabila guda.

Abin takaicin shi ne littafin da aka ciro fim ɗin daga ciki ya fi shi adalci. A littafin akwai Mohammed, Bahaushen Kano, tsohon saurayin Olanna, wanda ya sa ta rufe kanta kamar matar Hausawa, ya ɗauke ta a mota ta cikin tarzomar ya kai ta tashar jirgin ƙasa. Wannan zare bai samu nauyinsa a fim ɗin ba. A littafin kuma Ugwu, ɗan aikin gidan da kowa ke ƙauna, bayan an tilasta masa shiga sojan Biyafara, ya shiga cikin waɗanda suka yi wa wata yarinya fyaɗe. Fim ɗin ya tsallake wannan. Da aka cire mutumin kirki daga ɓangaren masu kisa, aka cire mugun aiki daga ɓangaren waɗanda ake kashewa, sai aka samu labari mai santsi wanda yaƙi na gaskiya ba ya da shi.

Tarihin kansa ya fi fim ɗin sarƙaƙiya nesa ba kusa ba. Manjo Nzeogwu, wanda ya jagoranci harin gidan Sardauna, a Kaduna aka haife shi, har sunan garin yake amsawa. Odumegwu Ojukwu, madugun Biyafara, a Zungeru aka haife shi, kamar Nnamdi Azikiwe, kuma a Janairun 1966 shi ne kwamandan wannan bataliya ta biyar a Kano, bai goyi bayan juyin mulkin ba. Abokin Sarkin Kano Ado Bayero ne, kuma a waccan shekara ya naɗa Sarkin a matsayin uban Jami'ar Najeriya ta Nsukka, jami'ar da Odenigbo na fim yake koyarwa. Cikin waɗanda masu juyin mulkin Janairu suka kashe akwai Laftanar Kanar Arthur Unegbe, ɗan Ibo. Marubucin fim da ke neman abin da zai riƙe mai kallo, ga shi nan a zube, babu buƙatar ƙarin kishiya.

Waya ta ƙarasa abin da fim ya fara

A Yauri ko Ngaski ko Shanga babu wanda ya ga wannan fim a babban allon silima. Hanyar da fim ke shigowa sananniya ce: mai turi ya saka shi a memori, aboki ya tura wa aboki ta Xender, ko kuma a ci karo da shi gunduwa-gunduwa a TikTok da Facebook. Kowane mataki yana rage wani abu. Fayil ɗin da aka matse don kada ya ci data ko wuri yana zubar da ƙananan bayanai na hoto, musamman a wurare masu duhu da taron jama'a, sai fuskoki su narke su zama inuwa. Fim ɗin da tun asali bai ba taron Kano fuska ba, a waya ya rasa ma ɗan abin da ya rage. Harshen kuma Turanci ne mai sauri, da ɗan Ibo. Wanda ya saba da fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa zai riƙa tsallake hirar, ya tsaya inda ake harbi, alhali ɗan bayanin da fim ɗin ya bayar a cikin hirar yake.

Akwai wani abu da ya fi wannan haɗari. Bandele ya sassaka tsofaffin hotunan labarai na gaskiya, marasa launi, a tsakanin wasan kwaikwayon, domin ya nuna wucewar lokaci. A cikin cikakken fim, mai kallo yana bambance su. Amma idan aka yanko daƙiƙa 40, aka cire launi da manhajar tace bidiyo, aka ƙara ɗan ƙura-ƙura a hoton, sai ɗan wasan da aka ɗauka a Kalaba ya koma “bidiyon asali da suke ɓoyewa”. Aikin minti biyu ne a kowace waya mai matsakaicin ƙarfi. Yanzu da ƙirƙirarriyar basira ke iya haɗa hoton da ba a taɓa ɗauka ba, ba ma sai an nemi fim ba. Tsarin waɗannan manhajoji kuma yana tura bidiyon da aka fi tsayawa a kansa da wanda aka fi yi wa sharhi. Zagi sharhi ne. Wanda ya shiga ya kare Arewa da ashar ya taimaka wa bidiyon ya kai ga ƙarin mutum dubu.

Tantancewar ba ta da wuya. A tsayar da bidiyon, a ɗauki hoton fuskar wayar, a saka a Google Lens. Idan daga fim ne, sau da yawa sunan fim ɗin ko na ɗan wasan zai fito. Hoton da aka ce na 1966 ne amma kyamara tana zagaya mutum a hankali, haske ya daidaita a fuskarsa, sauti yana fita tsaf, wannan aikin darakta ne. Mai ɗaukar labarai a tsakiyar tarzoma ba ya samun wannan sukuni.

Kuma a nan ne fim ɗin ya yi babban rashi, domin ya bar darasin da ya fi dacewa da masu riƙe da waya. A ƙarshen Satumban 1966, gidan rediyon Kwatano ya watsa rahoton cewa ana karkashe 'yan Arewa a Gabas. Rediyon Kaduna ta maimaita rahoton. Cikin kwanaki, kisa mafi muni na shekarar ya biyo baya. Na'urar zamani ta wancan lokaci ita ce ƙaramar rediyo mai batir, wadda mutum goma ke zagayewa a gindin bishiya. Saƙo ya taso daga wata ƙasa, wata kafa da jama'a suka amince da ita ta tura shi gaba, waɗanda suka ji ba su da hanyar tantancewa, kuma zukata sun riga sun cika. Wanda ya taɓa ganin saƙon murya yana yawo a zaurukan WhatsApp da daddare ya san wannan tsari. A 2018 sashen binciken BBC ya nuna yadda hotunan da aka ɗauko daga wasu wurare, har da wata ƙasa, aka yaɗa su a Facebook a matsayin na rikicin Jihar Filato na watan Yunin shekarar, kuma 'yan sanda suka ce sun rura wutar ramuwa. WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a 2019, sannan a 2020 ya mayar da saƙon da aka yi ta turawa zuwa wuri ɗaya a lokaci guda. Fim ɗin da ya tsaya minti biyar a kan waccan rediyo da ya fi amfani ga matashin yau fiye da duk rigimar Odenigbo da mahaifiyarsa.

Ruwa ɗaya ne

Wani zai ce ina ruwan mutumin Yauri da abin da ya faru a Kano da Nsukka shekara kusan sittin da suka wuce. Ruwansa kuwa a zahiri yake. Kogin Kwara da ke wucewa ta Yelwa shi ne ke gangarawa Jebba da Lakwaja, ya ratsa tsakanin Asaba da Onitsha. Gadar da ta haɗa garuruwan biyu, wadda aka kammala a 1965, sojojin Biyafara sun fasa ta a 1967 lokacin da suke ja da baya. A gaɓar wannan kogi, a Asaba, cikin Oktoban 1967, sojojin tarayya na runduna ta biyu suka tara maza da samari suka harbe ɗaruruwa. Fim ɗin bai tsaya a kan wannan ba. Busasshen kifin Yauri har yau yana tafiya kasuwannin Kudu, kuma a Yelwa, kamar kowane babban gari na Arewa, ba a rasa ɗan Ibo mai shagon magani ko kayan gyaran babur ko kayan waya. Bidiyon da ke cewa waɗannan da waɗancan maƙiya ne tun fil'azal yana sauka ne a wayar mutanen da gobe za su yi ciniki da juna.

Sannan a daidai shekarun da fim ɗin ke ba da labari, mutanen wannan yanki suna cikin tasu ƙaura. An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka kammala a 1968, ana tsakiyar yaƙi. Da ruwa ya taru, ya haɗiye tsohuwar Bussa da tsibirai da gonakin albasa na Gungawa da ƙauyuka masu yawa na ƙasar Yauri da Borgu. An tayar da kimanin mutum 44,000 zuwa sababbin matsugunai. Wannan ba kisan kiyashi ba ne, kuma kuskure ne a auna shi da abin da ya samu 'yan Ibo. Amma jikan wanda aka ɗauke shi daga gungun kakanninsa ya san yadda ake ji idan aka ba da labarin ƙasa, nasa ya fito a layi ɗaya: an gina madatsa mai ba da megawat 760.

Akwai ma awo da ya fi wannan kusa. Ranar 17 ga Yuni 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, a ƙaramar hukumar Ngaski, suka kwashe gomman ɗalibai da wasu malamai. 'Yan mata na ƙarshe ba su dawo ba sai a 2023. Makarantar tana cikin makarantun haɗin kai, waɗanda aka yawaita su bayan Yaƙin Basasa domin yaran sassan ƙasar su tashi tare. A ɗauka nan da shekara ashirin wani darakta ya yi fim a kai. Jarumansa saurayi da budurwa ne 'yan Abuja, masu rigima a kan zobe da tsohuwar budurwa. Harin makarantar ya zo a minti na hamsin, ya ɗauki minti uku, ana kallonsa ta idon wani baƙo ma'aikacin agaji da ya tsaya shan mai. Iyayen da suka yi shekara biyu suna bin ofisoshi da tara kuɗi ba su da suna. Babu bayanin yadda daji ya zama na 'yan bindiga. Mutumin Ngaski zai iya cewa fim ɗin bai yi ƙarya ba, amma zai fita yana jin an ari gawarsa an yi wa wasu ado. Haka wasu da suka tsira daga 1966 za su iya ji game da wannan fim, ko da kuwa an yi shi ne da niyyar tunawa da su.

Ba a ce soyayya ba ta da gurbi a irin wannan labari ba. Mutum ba ya iya yin kukan mutum 30,000, amma yana iya yin kukan mutum biyu, shi ya sa masu fim ke bin wannan hanya. Masu kallon fina-finan Indiya sun san Gadar na 2001, inda Sunny Deol ya auri Musulma a tsakiyar kashe-kashen raba Indiya da Pakistan na 1947, fim ɗin da ya fara da jiragen ƙasa cike da gawa ya ƙare da jarumi ɗaya yana dukan runduna. Tambayar da ake yi wa kowane irin wannan fim ita ce: masoyan suna kai mai kallo wurin matattun, ko kuwa suna tsaye ne a gabansu sun tare su? Half of a Yellow Sun ya fi Gadar mutunci sosai, amma sau da yawa masoyansa a gaba suke tsaye.

Hana shi fita kuma bai gyara komai ba. An shirya fara nuna shi a silimun Najeriya ranar 25 ga Afrilu 2014, kwanaki kaɗan bayan bam ɗin Nyanya da sace 'yan matan Chibok. Hukumar tace fina-finai ta ƙasa ta jinkirta ba shi izini, sai 1 ga Agusta ya fito bayan an yi masa gyare-gyare. Ana iya fahimtar fargabar hukumar a wancan yanayi, amma sakamakon shi ne aka ƙara wa yanayin Kano farin jini, ya zama abin da kowa ke son gani shi kaɗai. Hukuma tana iya tsare ƙofar silima, ba ta da iko a kan memori. Taron dangi a intanet ma ba ya gyara tarihi. Fim ɗin The Promise na 2016, labarin soyayya a cikin kisan kiyashin Armeniyawa na 1915, ya samu dubun-dubatar ƙuri'un tauraro ɗaya a shafin IMDb alhali sau uku kacal aka nuna shi, magoya bayansa su ma suka yi masa ruwan taurari goma. Duka ɓangarorin ba su kalla ba, kuma babu wanda ya ƙaru da sanin abin da ya faru a 1915.

Wanda ke da data da haƙuri, gara ya nemi cikakken fim ɗin mai rubutun fassara a ƙasa, ya kalle shi daga farko zuwa ƙarshe, sannan idan yana karanta Turanci ya nemi littafin. Zai ga fim mai kyawun hoto da ƙwararrun 'yan wasa, wanda ya faɗi gaskiya a kan cewa an yi kisa, ya yi ƙwauron bayani a kan yadda aka kai ga yinsa da su waye suka ƙi shiga.

Ragowar labarin yana bakin tsofaffi. Wanda yake da shekara 15 a 1966 yanzu ya haura saba'in. A Yelwa da Wara da Shanga akwai tsofaffin sojojin da aka ɗauka aka kai bakin daga, akwai waɗanda suka ga maƙwabtansu 'yan Gabas suna ɗaure kaya cikin dare, akwai waɗanda suka ga ruwan Kainji yana hawa bangon gidansu. Manhajar naɗar murya tana cikin kowace waya, kuma hirar awa guda ba ta cin wurin da fim ɗin Indiya ɗaya ke ci a memori.